Ba Zan Ba Ku Hoton Mahaifina Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bikin Tunawa da Janar,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da sauran dattawan kwamiti, da fatan kowa yana lafiya.

Ranar Talatar da ta wuce wakilanku biyu suka zo gidanmu a Gobarau neman aron hoton da mahaifina, marigayi Malam Isiyaku Akawu, ya ɗauka da Janar suna 'yan makaranta, wai za ku kafa shi a zauren taro a matsayin aminin ƙuruciya. Na hana. Tunda sun fita suna cewa ba ni da kunya, ga dalilaina kowa ya ji.

Na ɗaya: watanni kaɗan Janar ya yi yana mulki, a cikinsu aka karanta sunan Baba a rediyo cikin ma'aikatan da aka kora saboda cin amana. Muna cin tuwon rana muka ji, ina aji huɗu. Ba a kira shi ba, ba a tambaye shi komai ba.

Na biyu: daga baya ta bayyana wani mai irin sunansa ake nufi. Shugaban ofishinsu da kansa ya faɗa masa haka a soronmu, amma ya ƙi sa hannu a takarda. Sau uku Baba yana rubuta wa Janar, yana tuna masa da benci ɗaya da suka zauna. Har Janar ya bar mulki ko layi ɗaya bai amsa ba.

Na uku: mutumin da yake jan salla in liman ba ya nan ya koma sahun baya don kunya. A makaranta 'yar ɓarawo ake kirana. Goro yake sayarwa a Ƙofar Kaura har ya rasu. Alhaji, kai ma ka sha wuce shi a mota, kuma ka san gaskiyar maganar. Yanzu ne kuka tuna amini ne?

Ban hana ku yabon gwaninku ba. Abu biyu nake nema: a ranar taron ku faɗa a lasifika cewa an zalunci Malam Isiyaku, sannan ku sa hukuma ta ba mu takardar wanke sunansa. Mahaifiyata tana nan da rai, idonta ya tafi amma kunnenta ras yake. Ina so in karanta mata ita.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon faɗin gaskiya.

Wassalam.

Hajiya Rabi Isiyaku,
Gobarau, Katsina.