Da Hannuna Na Miƙa Sirrin Matan Garinmu

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san akwai waɗanda za su zage ni, ban hana kowa ba, amma ina roƙo a daure a karanta har ƙarshe tukuna. Zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni, shawara na zo nema.

Ni 'yar wani gari ce a ƙasar Ɗambatta. Mahaifina malami ne, shi ke jan sallah a masallacin unguwarmu, kuma a zaurensa ake sasanta mutane in an samu saɓani. Na karanta ilimin kwamfuta a Kano, na gama na dawo gida na zauna babu aiki. A garinmu akwai ƙungiyar mata masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yawancinsu ba sa fita, sai dai su matse mai a cikin gida a kai musu kasuwa, dillalai su saye shi yadda suka ga dama. Wata rana shugabarsu, Hajiya Ladi, ta tsayar da ni a gidan suna ta ce, “Ke 'yar Malam, wannan karatun da kika kwaso, mu ba zai tsinana mana komai ba?” Maganar ta tsaya min a rai. Bayan kwana biyu na koma na ce mata zan yi musu manhaja ta waya, wadda masu saye daga Kano za su duba su ga wace ce ke da mai, su saya daga hannunta kai tsaye.

Gaskiyar ita ce ban iya gina irin wannan manhajar daga tushe ba. Wata ƙawata ta makaranta ce ta nuna min wani ƙaramin kamfani a Kano da ke sayar da irinta a shirye. Abin da suke ba ka shi ne ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi, wanda muke kira sos kod, sai ka sauya suna da launi ka gyara shi ya dace da aikinka. Amma ba naka ya zama ba, izinin amfani kawai suka ba ka, lasisi na shekara guda, in ta cika ka sabunta ko su rufe. Na sayar da tumakina biyu na saya, na mayar da komai Hausa, na sa hoton kwalbar mai a fuskarta. Da na nuna wa Hajiya Ladi sai ta rangaɗa guɗa ta ce, “Ke kika ƙera wannan da kanki?” Na yi murmushi na bar ta ta ɗauka haka ne. Daga nan laifina ya fara. Baba ya riƙa faɗa wa baƙinsa cewa 'yarsa ce ta ƙirƙiro, ni kuma ina ji daga cikin gida, ina jin daɗi, ban taɓa gyara masa ba.

Sai aka zo rajista. Maza da yawa ba su so ba, Baba ne ya yi musu magana bayan sallah ya ce su bar ni in shiga gidajensu. Muka riƙa bi gida-gida ni da Sa'adatu, sakatariyar ƙungiyar. Tare muka yi makarantar allo da ita, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Ita tana rubutawa a littafi, ni ina shigarwa a waya: sunan mace na yanka, lambar wayarta, sunan mijinta, sunan babban ɗanta, inda gonarta take, abin da take nomawa, da lambar asusun da masu saye za su tura mata kuɗi. Ba zan manta da wata tsohuwa ba, Inna Rabi, da ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar nan, duk wannan tone-tonen ina za ki kai shi?” Na ce, “Inna, babu mai gani sai ni.” Ta ce, “To ai shi ke nan, ke ta gida ce.”

Abu ya yi kyau fiye da yadda na zata. Masu abinci a Kano suka fara saye, mota na zuwa ɗaukar jarkoki har ƙofar gidan Hajiya Ladi. Ana cikin haka shekara ta cika, saƙo ya shigo min cewa in sabunta lasisi ko manhaja ta tsaya, kuma farashin ya tashi ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. To da wane baki zan ce wa matan nan abin da suke kira namu haya ne? Da wane ido zan kalli Baba in ce ba ni na yi ba? Na san da na faɗa da sun haɗa sun biya, wallahi na sani, amma girman kai ya hana ni. Na hau mota na tafi Kano.

Mai kamfanin, zan kira shi Injiniya, ya saurare ni tsaf sannan ya ce, “Malama, kwantar da hankalinki, akwai hanya. Za mu ba ki lasisi na dindindin, sos kod ɗin ya zauna a hannunki babu sauran sabuntawa. Ke kuma ki ba mu lasisi a kan bayanan da ke cikin manhajar.” Na ce, “Me za ku yi da su?” Ya ce, “Kamfanonin taki da na iri ne ke son sanin abin da ake nomawa a yankinku. Ba ruwansu da sunan kowa. Ki turo yadda suke, mu za mu tace.” Ya miƙo min takardu cikin Turanci. Anti, ba zan yi ƙarya in ce ban karanta ba, ko in ce ban gane ba. Na ga wurin da aka rubuta cewa suna da damar miƙa bayanan ga abokan hulɗarsu, na ga inda aka ce ba a janyewa bayan an sa hannu. Na kuma san aikin rabin yini ne in cire sunaye da lambobin waya kafin in tura. Amma na ji tsoron kar ya ce in babu su ya fasa. Na ce wa kaina wa zai damu da matan ƙauye masu ƙuli-ƙuli? Na sa hannu. A ranar na tura masa komai, na dawo gida har da tsarabar lemo.

Wata uku ba a ji komai ba. Daga nan saƙonnin talla suka fara cika wayoyin mata, aka yi ta dariya. Sai kuma kira. Wani mutum ya kira Inna Rabi, ya gaishe ta da sunanta na yanka wanda ko jikokinta ba su sani ba, ya tambayi lafiyar babban ɗanta da sunansa, ya ce daga ofishin tallafin taki yake, sunanta ya fito saboda gonarta ta bakin rafi. Ya ce wata lamba za ta shigo wayarta, ta sa a karanto masa. Ta yaya za ta ƙi yarda da wanda ya san gonarta? Kafin la'asar an kwashe duk abin da ta tara a asusunta don aikin idonta. Da na je yi mata jaje tana zaune a bakin murhu, ta ce min, “Ya san ni, 'yar nan. Kamar a gidan nan ya girma.” Bayan ita an yi wa wasu mata huɗu. Amma wanda ya fi tsaya min a wuya shi ne na Hadiza, wata matashiya da ba ta daɗe da haihuwa ba. Mijinta ne ya ɗaga wayar, ya ji muryar namiji yana kiran matarsa da suna, yana tambayar ta cikin sakin fuska kamar sun saba. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, bai saurara ba. Yau wata biyu ke nan tana gidan iyayenta da jaririnta.

Mutane suka fara tambaya, wa ya san duk waɗannan abubuwa? Mu biyu ne, ni da Sa'adatu. Babu wanda ya ko kalli inda nake. Ita kuwa littafin yana ɗakinta, ga shi a daidai lokacin yayanta ya aiko mata da keken ɗinki, sai aka ce ga shaida nan, da me ta saya? Aka karɓe littafin, aka cire ta daga sakatariya. Mata suka daina kai mata ɗinki, aka daina aika mata goron biki, 'yarta ta dawo daga Islamiyya tana kuka an kira ta 'yar ɓarauniya. Na je gidanta, kuma har yau ban san abin da ya kai ni ba, tausayi ne ko so nake in ji ko ta fara zargina. Ta shimfiɗa min tabarma ta ce, “Ke kaɗai kika rage da ke tako ƙofar nan. Ke da kika san kwamfuta, ki duba min mana, ko ɓarayin intanet ne suka shiga? Ki faɗa musu, ke za su yarda da ke.” Na ce, “Ina kan bincike.” Ta ce, “Allah Ya saka miki da alheri.” Ta kawo min fura na kasa sha. Wace irin mutum ce ni? Wadda aka zalunta a kaina tana yi min addu'a, ina cewa amin?

Kada ku ɗauka ban yi yunƙurin gyarawa ba. Na koma wurin Injiniya ina kuka, na ce ya karɓi sos kod ɗinsa, ya rufe manhajar in ya so, ya goge min bayanan kawai. Ya ce, “Malama, mu ba mu damfari kowa ba. Mun haɗa naki da na wasu garuruwa mun sayar wa kamfanoni. Abin da suka yi da shi bayan nan ba mu sani ba.” Na ce, “To ku karɓo.” Ya ce, “Wannan ba buhun gero ba ne da za a dawo da shi. Ko na goge nawa yanzu a gabanki, na hannunsu fa? Su ma wataƙila sun sayar gaba.” Sannan ya buɗe takardar ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, “Nan kika tabbatar cewa kin nemi izinin masu bayanan kafin ki ba mu. Kin nema?” Na ce, “A'a.” Ya ce, “To in magana ta kai gaban hukuma, ke za a fara tambaya.” Na nuna wa wata da ta karanci shari'a takardar ba tare da na ce tawa ba ce. Ta ce ana iya kai ƙara, amma abin da ya fita ya riga ya fita, kuma wadda ta sa hannun ba za ta tsira ba.

Abin da na iya kawai shi ne na sake bin gidaje ina gargaɗin mata kada su karanta wa kowa lamba, na taimaka wa wasu suka sauya lambar sirri. Ko'ina na shiga sai godiya, ana cewa da ba don 'yar Malam ba da an gama da mu. Na rame, abinci ba ya wuce min, Innarmu har ta fara jiƙa min magani tana zaton ciwon shawara ne ya kama ni. In na tsaya sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake. Sau uku ina zuwa bakin zauren Baba da niyyar faɗa masa, in na ji muryarsa yana biya wa manya karatu sai in juya in koma ɗaki. Kuma kiran bai tsaya ba. Ko a makon nan an kira wata.

Jiya da hantsi Baba ya aika a kira ni. Ya ce Sa'adatu ta zo da kanta ta roƙi a ba ta Alƙur'ani ta dafa a gaban dattawa, don ta gaji da zama da wannan suna. An tsayar da ranar Juma'a bayan la'asar, a zaurensa, da Hajiya Ladi da mijin Hadiza da ɗan Inna Rabi duk za su zo. Har na fara jin sanyi a raina, na ce ko ba komai za ta wanku. Sai ya ce, “Amma na ce musu ba ita kaɗai ba. Adalci shi ne duk wanda sunayen nan suka bi ta hannunsa ya rantse. Ke za ki fara, don kowa ya ga ban ware tawa ba.” Ya dube ni yana murmushi ya ce, “Ai ke ba wani abu ba ne a wurinki, ko?” Na ce, “Haka ne, Baba.” Ban san yadda na kai ɗaki ba.

Jama'a, ba zan iya dafa Littafin Allah a kan ƙarya ba, ko da kashe ni za a yi. In kuma na buɗe baki a zauren nan, a gaban mutanen da Baba yake yi wa limanci, ban san ko zuciyar tsohon nan za ta ɗauka ba, kuma ban san abin da mijin Hadiza da ɗan Inna Rabi za su yi min ba. In na gudu Kano wurin yayata, gudun kansa ya faɗi komai, kuma na bar Baba shi kaɗai da kunyar. In same shi tun yanzu in faɗa masa mu biyu? In fara zuwa wurin Sa'adatu in durƙusa? Ko da na yi duka, idon Inna Rabi fa, auren Hadiza fa, sunayen da ke yawo a hannun mutanen da ban sani ba fa, wa zai dawo da su?

Yau Laraba. Kwana biyu suka rage min. Don Allah, me zan yi?