Murfin Rijiya na Aro

Litinin, 13 ga Mayu, 2024

Yau na gane.

Kwana shida ke nan da yaron nan ya faɗa rijiyar gidan rainon Malama Radiyya. Duk kwanakin nan a zaune nake, a ce mini haƙuri, in ce na gode. Da hantsi na shiga gidan in karɓo kofinsa da takalmansa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma sai da na tsaya na huta a hanya.

Malama ta shiga ɗaki neman kayan, ni kuma na tsaya ina kallon bango. Takardar izinin gidan na rataye cikin gilashi, da hatimi. Turancin bai shige ni ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Amma a gefenta akwai hoton ranar da masu duba gidajen raino suka zo daga Kano. Wata mata ce riƙe da takardu a bakin rijiya, rijiyar kuma a rufe ruf da shuɗin murfin ƙarfe.

Murfina ne. Har wayar da maigida ya ɗaure mariƙinsa da ita ta fito a hoton.

Wata Alhamis ce, kusan sati uku kafin abin ya faru. Malama ta leƙo ta katanga ta ce, "Hansai, ara mini murfin rijiyarki, baƙi zan yi." Na ba ta, yadda nake ba ta tabarma da manyan faranti in za ta yi baƙi. Wa ke tambayar maƙwabciya dalili? Bayan la'asar da suka tafi, ni da kaina na je na mirgino abina. A gabana ta mayar da tsohon kwanon rufi bakin rijiyar, ta ɗora masa dutse.

Ashe da murfina aka ba ta takardar nan.

Takalmi ƙafa ɗaya aka samu. Na karɓa na fito.

Talata, 14 ga Mayu

Na kasa buɗe rijiyarmu. A wurin ɗan garuwa na sayi ruwa, ga rijiya a tsakar gida.

Asabar, 18 ga Mayu

Maigida ya bi motar shanu zuwa Kudu, kamar kullum bayan kasuwar Juma'a. Sati uku ko huɗu zai yi. Shekaranjiya ya je gaban mai unguwa ya ce mun yafe wa Malama duniya da lahira. Ya dawo ya ce mini, "Kwana ne ya ƙare, Hansai. Ko a cinyarki yake sai ya tafi." Na ce haka ne.

Haka ɗin ne. Sai dai bai san zancen murfi ba, yana Kudu lokacin da aka yi aron.

Mun yafe, in ji shi. Ni dai ba a tambaye ni ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Na koma sharar da nake yi a gidan kwanan ɗalibai. Saboda aikin nan nake kai yaron raino, daga safe zuwa azahar. Yau na gama da wuri, sai na rasa abin da nake wa sauri.

Bari in rubuta abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Ɗan fari ne. Shekara biyu da wata huɗu ban taɓa kiran sunansa ba, ko a littafin nan. Haka marigayiya Inna ta rene mu a Darki: ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi sai wata ta ɗaga shi. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Shi kuma yana amsawa da gudu kamar na kira shi da sunan sarauta.

Ranar da na je karɓo murfin yana riƙe da bakin zanina. Na dubi kwanon, duk ya yi tsatsa, gefe ɗaya ya lotsa. Magana ta zo mini har baki: Malama, anya wannan zai riƙe yaro? Amma akwai mata biyu a tsakar gidan sun zo ɗaukar nasu. Na san abin da za su ce. Ku ji mara kunya, tana rawar jiki a kan ɗan fari. Sai na haɗiye. Na ce, "Malama, a gaida baƙi," muka yi dariya.

Kuma sauri nake in rufe tawa rijiyar. Saboda shi.

Litinin, 27 ga Mayu

An buɗe gidan rainon yau. Ina jin su ta katanga, Malama na biya musu alif, ba, ta. An ce katako ta jera a bakin rijiyar ta kifa turmi.

Duk muryoyin na san masu su. Ina ta ƙirgawa kamar wadda ba ta san amsar ba.

Litinin, 3 ga Yuni

Malama ta shigo bayan azahar. Ta rame. Mun daɗe a gaisuwa, ya gida, ya haƙuri, ya labarin maigida, kowa na kallon tabarma. Can ta ce masu dubawa sun bugo waya, za su zo ranar Alhamis a kan abin da ya faru.

Ta kalli rijiyata. Tun kafin ta buɗe baki na gane murfin ta zo aro.

"Hansai, wallahi da kunya nake faɗa. In suka zo ba su ga wanda suka gani wancan karon ba, rufe gidan za su yi."

Na ce, "Malama, ashe su ne baƙin?"

Ta ce kowa haka yake yi. Tukunyar kashe gobara a gidan mai ake arowa, akwatin magani a kemis. "Daga nan ma gidan rainon Dagumawa tukunyar za ta wuce, can ma suna jiran nasu zuwan. Ba mugunta ba ce, 'yar nan. Kullum cewa nake wata mai zuwa zan kira mai walda." Sai hawaye. Ta ce, "Mata goma sha bakwai ke kawo mini 'ya'ya. In an rufe, ina za su kai su? Kasuwa?"

Matar nan ita ta yi mini wankan jego. Kwana arba'in tana dafa ruwa, ba uwa ba ƙanwar uwa. Ita ta fara ɗaukarsa ranar da ya zo duniya, ita ta fara ɗaukarsa ranar da aka fito da shi daga rijiya.

Na ce, "Ɗauki. Amma kada ki dawo da shi."

Ta kama hannuna. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In sun tambaye ki, ki ce dai mantawa aka yi da ita a buɗe ranar."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Ba wanda zan tambaya. Inna ta rasu, wayar maigida ba ta shiga.

In na yi shiru, tata rijiyar dai ta samu murfi, shi ke nan. To ta Dagumawa fa? Ban san kowa a gidan ba. Amma akwai wata da za ta kai ɗanta can da safe ta ga takarda cikin gilashi, hankalinta ya kwanta.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sun zo su uku. Ina jin motarsu. Wajen azahar ɗaya ta yi sallama a gidana ita kaɗai. Matar cikin hoton ce, ta ce sunanta Bilkisu. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta yi mini gaisuwa kamar 'yar gida. Ta buɗe takarda ta ce, "Yaya sunan marigayin?" Na sunkuyar da kai. Ta dube ni ta ce, "Au, na fari ne? Yi haƙuri, Yaya, yana rubuce a nan."

Ba ta tambaye ni komai a kan rijiya ba. Har na ji sanyi, na ce Allah ya raba ni da magana. Sai ta ce in taimaka mata da buta za ta yi salla. Ta biyo ni tsakar gida. Ta tsaya.

Bakin rijiyata a buɗe, ga shatin shuɗin fenti ya zagaye simintin.

"Yaya, taki ba ta da murfi ne?"

"Tana da shi."

"Yana ina?"

A raina na ji muryar Inna, na ji ta Malama. Na tuna kwanon. Sau ɗaya na taɓa haɗiye magana a bakin rijiya.

Na ce, "Yana maƙota. Shi kuka gani yanzu. Wancan zuwan naku ma shi kuka gani, ko kwana bai yi a can ba."

Ta zauna a kan turmina, butar a hannu, ruwa na zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na sa hannu a takardar nan. Har ɗaga shi na yi, na ce ma sha Allah, mai nauyi ne."

Na gaya mata na tukunyar gobara da akwatin magani. Ta rubuta. Da za ta tafi ta ce, "Mu ne muke bugo waya mu ce ga mu nan." Kamar da kanta take.

Juma'a, 7 ga Yuni

Sun cire takardar daga bango. An rufe gidan har sai ta zuba siminti ta sa murfi mai kwaɗo, ta kuma sayi nata kayan.

Katangar ta yi tsit.

Talata, 11 ga Yuni

A wurin niƙa na yi sallama, biyu suka amsa, sauran suka ci gaba da hira. Ɗaya ta ce, ba da ni take ba wai, "Wani in nasa ya zube sai ya ture na kowa." Da goyo a bayanta, da wani a hannu, ga ƙullin niƙa a ka. Na san ta, a asibiti take aiki. Ban ga laifinta ba.

Na dawo na tarar da murfin jingine a ƙofar gidana. Ba saƙo.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Salla. Yau kwanansa arba'in. Ni kaɗai na ƙirga.

Maigida ya dawo shekaranjiya, tun a tasha aka ba shi labari. Ya ce, "Ke kika faɗa musu?" Na ce tambayata aka yi. Ya je ya tsaya a kan murfin ya daɗe yana taɓa wayar nan da ya ɗaura. Ya ce, "Ta are shi don a gani, ta dawo miki da shi, ta bar yara a kan kwano. Da kin ga kwanon ai da ba ki karɓa ba."

Na shiga madafa.

Shekara bakwai duk Salla sai kwanon naman Malama ya tsallako katanga. Bana bai zo ba. Na zuba nata na rufe, na kai bakin katanga, na dawo da shi.

Alhamis, 27 ga Yuni

Wata abokiyar sharata 'yar Dagumawa ta ce masu dubawa sun dira gidan rainon unguwarsu ba sanarwa, mai gidan na tsakiyar wanki. Tana ba da labarin tana dariya. Ba ta san ni ce ba, ko kuma ta sani.

Tun jiya nake jin magina a gidan Malama. Yasar rijiyar suke kafin su zuba siminti.

Laraba, 3 ga Yuli

An yi ruwa da safe. Ina kwashe shanya na ji an ce "Hansai" ta katanga, a hankali. Rabon da in ji muryarta wata guda.

Ba ta leƙo ba. Hannunta kawai na gani, ta ajiye abu a kan katangar. Ɗaya takalmin ne. A cikin laka masu yasa suka same shi. Ta wanke shi tas, har igiyar.

Ta ce, "An sa kwaɗo. Makullin na wuyana."

Na ce, "Allah ya tsare na baya, Malama."

Ta ce amin. Muka tsaya, ita can ni nan, ba mai ganin wani. Na ce mata ganyen zogalenta ya leƙo gidana, in tsinka? Ta ce ai nawa ne.

Na haɗa takalman biyu a ƙarƙashin gado. Na buɗe rijiya na ja guga uku, na rufe. Ban san lokacin da na fara magana ba, ina ɗauraye kofinsa. Ba kowa a gidan, sai kaji.

Ikrima.

Sunansa ke nan. Ikrima. Bai yi wuyar faɗa ba ashe.

Ba a dawo wa Malama da takardarta ba tukuna, matan unguwa ba su huce ba. Maigida ya sake tafiya Kudu, zai dawo Juma'a. Har yanzu ban gaya masa cewa ni na je na mirgino murfin da hannuna, na ga kwanon, na yi shiru ba.