Littattafan Khadiga

Omdurman, Alhamis, 22 ga Ramadan

Zuwa ga maiɗakina Fatna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kun isa Mai Wurno lafiya, ke da 'yarmu Nada. Yaya ƙafar Inna, yaya kuma ƙishirwa? Ni lafiya nake, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Aiki ya yi yawa a maktaba, domin 'yan ajin ƙarshe suna rubuta kundinsu. Teburina na bakin ƙofa ba ya rabuwa da mutane. Wani ya zo ya ji yadda ake jera sunayen littattafan da aka duba, wata kuma barci ke kwashe ta bayan sahur. Nakan faɗa musu abin da na sani, kaɗan-kaɗan. Amma makon nan tambayoyin sun sake. Ɗalibai uku sun tambaye ni ko za a ci su tara idan aka rufe jami'a littafin aro yana hannunsu. Babu wanda ya ce za a rufe. Motocin sojoji ne dai suke ƙaruwa a bakin gada kowace safiya, kuma a cikin bas mutane sun daina hira.

Akwai wata ɗaliba, Khadiga, daga unguwar Kalakla. Noma take karanta. Shekara biyu tana zuwa gonakin Soba tana auna ƙasa da ruwa, tana rubutawa da hannu cikin littattafai tara. Da ta taɓa manta ɗaya a mota, na ba ta shawara ta ajiye su a kabad ɗin ƙarfe na ɗakin kundaye, ta riƙa aiki a nan. Ɗakin nan ba a shiga da waya, tun lokacin da wani ya ɗauki hoton aikin abokinsa ya miƙa da sunansa. Ta roƙe ni sau biyu in bar ta ta ɗauki hoton shafukanta, na ce idan na buɗe mata, na buɗe wa kowa.

Yau ta zo ta ce mahaifinta bai yarda da yanayin gari ba, tana so ta tafi da su gida. Na ce mata hanyar Kalakla tana da nisa da cunkoso, kuma ginin nan ya ga tarzoma iri-iri bai rasa takarda ɗaya ba. Sai ta miƙo mini su. Na kulle, sai Lahadi.

Ki gaishe da Inna da kyau. Wa'il direba zai kawo miki wannan.

Mijinki,
Hamuda Ɗantsoho

Omdurman, Laraba, 28 ga Ramadan

Fatna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma Nada tana cin abinci. Na san kun ji labarin yaƙin da ya faro ranar Asabar. Ina raye, gidanmu yana tsaye. Wuta ta ɗauke, ruwa kuma muna ɗebowa daga masallaci. Ba zan kwatanta miki ƙarar ba. Iyalan maƙwabcinmu Nagoggo za su fita yau, su ne za su ba ki takardar nan.

Lahadin ba ta zo mana yadda na faɗa ba. Ba a iya haye gada, jami'a kuma tana tsakiyar inda ake harbin.

Jiya Khadiga ta same ni a waya. Ta gaishe ni, ta tambayi lafiyarku, ba ta ce komai a kan shawarar da na ba ta ba. Abu ɗaya ta tambaya: "Ustaz, mabuɗin yana wurinka?" Na ce yana aljihuna. Ta ce to alhamdu lillahi. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da ban gaya mata ba shi ne na yi magana da Baba Uthman, tsohon da ke gadin maktabarmu, kafin ya gudu. Ya ce masu bindiga sun shiga zauren karatu suna kwana, suna hura wutar shayi da takardu. Littattafan da ke kan kanta a fili ba su dame su ba. Abin da aka kulle suke nema, domin a ganinsu ba a sa wa abin banza kwaɗo. A duk ginin babu abin da ya kai kabad ɗin nan kama da ma'ajiyar dukiya.

Shekara goma sha tara ina gaya wa 'ya'yan mutane inda za su ajiye abinsu. Ban taɓa tunanin wannan ba.

Ki yi mini addu'a.

Hamuda

Omdurman, Alhamis, 7 ga Shawwal

Fatna, uwar Nada,

Assalamu alaikum, barkanku da Salla, ko da ta wuce. Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi fiye da sau ɗaya. Kin yi gaskiya a duk abin da kika faɗa a kan in bar garin nan in zo wurinku.

Shekaranjiya aka ce an tsagaita wuta, sai na haye gada a ƙafa zuwa maktaba. Ban sanar da ke ba, ki yafe mini. Sau huɗu aka tsare ni. Na nuna katin aiki, wani ya yi dariya ya tambaya ko yau ma ana ba da aron littafi.

Mabuɗin bai yi amfani ba. An ɓalle ƙofar kabad ɗin, abin da ke ciki an watsar a ƙasa an tattake. Na durƙusa ina tsincewa, wani yana tsaye a kaina da bindiga. Shida na samu. Uku babu, kuma a bakin taga akwai toka. Waɗanda suka ɓata na damina ta biyu ne, wadda ita ce zuciyar aikin. Duk da haka shidan nan nata ne.

Tun ranar Salla wayarta ba ta shiga. Na kira ƙawarta Mayada, ta ce ita ma ba ta ji daga gare ta ba, kuma an ce Kalakla ta sha wuta. Sunan mahaifinta kawai na sani, da cewa yana da shagon walda a unguwar Alshajara.

Wa'il ya ajiye mini kujera a motar gobe, kamar yadda kika roƙe shi. Na bar wa surukar Nagoggo, wadda aka bari a baya. Ni zan bi hanyar Alshajara in tambayi shagon, daga nan in nemi gidan. Ni na karɓi littattafan nan daga hannunta lokacin da take son tafiya da su, kuma ba zan iya kai su Mai Wurno in zauna ina kallonsu ba.

Ban iya faɗin irin waɗannan maganganu ba, kin sani. Ban taɓa kewarki kamar yanzu ba. Ki shafa mini kan Nada. Wani mai fita yau zai kawo miki wannan. Gobe kada ki fita tasha da ita, rana tana da zafi, kuma ba na cikin motar.

Naki har kullum,
Hamuda Ɗantsoho