Injin Taubashina da Karan Gonarmu

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a wajen Tama zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Mushe ne ni, wato malamin makaranta, kimiyya nake koyarwa. Shekara da shekaru ina ƙona karan gero cikin tsohon tano, wato duro, a bayan aji, in daka, in kwaɓa da ƙaro, in dunƙula gawayi, wai don mata su huta da neman itace. Ladan da na samu shi ne suna, Mushe Hayaƙi. Wanda ya raɗa mini shi taubashina ne, mai gyaran injin ban ruwa na masu albasa, mutumin da ya yi aji huɗu ya ce boko ta ishe shi haka.

Bana wani furoje, shirin masu ba da tallafi, ya kawo injin gwaji mai mayar da kara gawayi, ana neman mai kula da shi. Na je da takarduna cikin jaka, taubashina ya je da hannuwa duk baƙin mai, shi aka ɗauka. Ranar buɗewa ya yi wa baƙi bayani da kalmomina, har da wurin da nake tsayawa in yi gyaran murya, aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, a hankali.

To ga matsalar. Tun zamanin mahaifinmu a gona muke barin kara bayan girbi, wani Bafillace abokinsa ya sauka da shanu, su ci su bar mana taki. Yanzu amalanke ke kwashe shi zuwa injin. Bafillacen ya zo ya tarar da gona fayau, ya gaishe ni ya wuce. Na yi wa taubashina magana, ya yi dariya, wai ashe har yanzu hayaƙin tano bai bar idona ba. Na ce masa ƙasa ba ta san wasan taubashi ba.

Ranar Juma'a akwai taro a ƙofar mai gari, za a yanke ko a ci gaba da ba da kara. In na tashi za a saurare ni, ƙila gwajin ya tsaya, taubashina kuma ya koma gyaran inji a garkar albasa. Maganata gaskiya ce, na sani. Amma da ni aka ba injin, da na tuna da shanun? Duk shekarun da nake cika tano, ba karan gonar nan nake ƙonawa ba?

Na rubuta jawabina, shafi uku, ba kuskure ko ɗaya. Matata ta karanta, ta ce sunan taubashina ya fi kalmar taki yawa a ciki.

Ku gaya mini, ranar Juma'a in tashi ko in zauna?