Simintin Ɗakin Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da yara? Yaya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah Ya jiƙanta.

Ran Jumma'a na ɗauko wani dattijo ɗan Maroko a motata, daga masallaci zuwa garin Wheaton, a nan ƙasar waje. Tsohon magini ne. Ya ce a kudancin ƙasarsu dogayen gidajen ƙasa ne cikin ganuwa tun kaka da kakanni, kuma yaɓe ne ke riƙe su. Ni kuwa da alfaharina na nuna masa hoton gidanmu, na ce ni na sa aka shafe shi da siminti don a huta da yaɓe.

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ɗana, bangon ƙasa numfashi yake yi. In ka rufe shi da siminti, danshi ya shiga ba ya fita. Sai ya ruɓe ta ciki, waje kuwa sumul."

Yaya, sai da na tsaya gefen titi. Abin da Malam Ilu maginin gidanmu ya faɗa mini ke nan lokacin da za a shafa simintin, na kira shi baƙauye. Da bangon ya rushe a kan Inna ta rasu kuma, shi Malam Ilun muka zazzaga.

Don Allah a kankare sauran simintin kafin damina. Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. Ka ce wa Malam Ilu ya yafe mini. Inna kam, ban san ta inda zan roƙe ta ba.

Ƙaninka,
Habu