Yaya Hassu, Ɗanki Yana Gina wa Na'ura Ƙofa

Assalamu alaikum Yaya Hassu. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa na gaba, ina fata Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu muna nan Chaza. Babban garin namu ma an canja masa suna bayan tafiyarki, Suleja ake cewa yanzu, har yau bakina bai saba ba.

Ɗanki ya zo daga Zariya. Kin san ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne a wurina. Tun yana rarrafe ke ce tsakaninmu. In takalmi yake so, ke za ki zo. In makaranta ce, ke. Kya jira na ci tuwo na wanke hannu, sannan ki ce, "Wani bawan Allah yana da magana." Ban taɓa tambayar ko wane ne ba.

Wannan karon babu ke, sai muka zaunar da ƙaninmu Buba a zaure, ni ina tambayar Buba, shi yana ba Buba amsa.

Ashe kwamfutar nan da yake wa aiki tana da maigida a cikinta, wani babban tsari mai riƙe da komai: rumbun ajiya, injin buga takarda, har lokaci. Ƙananan ayyukan da mutane ke shigarwa da kati mai huda ba su isa su taɓa ko ɗaya ba. Mai bukata sai ya sa lambar bukatarsa a wani ɗan gurbi, bayaninta a na kusa, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya cik. Maigidan ya yi, ko ya hana ya faɗi dalili. Aikin ɗanki shi ne rubuta 'yan layukan nan masu jera roƙon daidai, da yaren da ya fi kusa da ƙarfen na'urar. Wai in gurbi ɗaya ya goce, mai neman karatu sai a yi masa rubutu.

Yaya, tatsuniyar Gizo ba ta taɓa kama ni haka ba. Na ce Buba ya tambaya, in biyu suka ƙwanƙwasa tare fa? Wai layi ake bi. Maigidan ba ya gajiya da roƙo? Wai a'a. Na ce lallai ba ɗan garin nan ba ne.

Sai ɗanki ya sunkuyar da kai, ya gaya wa Buba an ba shi gurbin ƙaro wannan ilimi a Ingila, amma ba zai amsa ba sai da yardar gida, kuma da safe zai bi mota ya koma. Na juya in ji yadda Buba zai kawo mini maganar. Buba ya jingina da bango, baki buɗe, yana minshari. Ashe tun wajen kati mai huda muka rasa shi.

Na jira ki ce wani bawan Allah yana da magana. Zauren ya yi tsit, sai minsharin.

Ban tashe shi ba. Na dubi Buba sosai na ce masa, ya gaya wa mai tafiya na yarda, ya riƙe salla, ya nemi rigar sanyi. Ɗanki ma ya dubi Buba ya ce ya gode. Har yanzu Buba bai san ya yi wannan babban aiki ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da dukan sawun da kika yi tsakanin ɗakinki da zaurena. Shi kuma Allah ya kai shi lafiya, ya dawo ya same ni.

Ƙaninki,
Umaru na Chaza