Jan Fenti a Bangon Mama

Lahadi, 5 ga Maris

Yau ma Dokta Fikri ne baƙonmu. Makon jiya masanin yaƙi ne, yau masanin farashin albasa. Ni na rubuta tambayoyin, ni kuma nake raɗa su a kunnen mai gabatar da shirinmu, Ustaz Midhat, ta 'yar na'urar nan, shi yana fuskantar kyamara yana maimaitawa kamar aku. Shekara tara ina wannan aiki a Alƙahira, ban taɓa jin wanda aka tambaya ƙarfe nawa ya faɗi ƙarfe nawa ba. Sai ya ce tambayar tana da muhimmanci, ya gyara tabarau, ya tafi tarihin agogo.

Talata, 7 ga Maris

Mama ta bugo waya. An shafa wa bangon gidanmu jan fenti, alamar rusau, da duk gidajen layinmu. Sabuwar gada za ta bi ta nan. Ba takarda, ba wanda ya ce uffan. Ta ce ko cokali ba za ta ɗaure ba sai an gaya mata yaushe, kuma ina za a kai su. A gidan nan Baba ya cika.

Laraba, 8 ga Maris

Ɗan majalisar unguwarmu, Galal Sirgani, zai zo shirin Litinin. Kamar kullum na aika wa ofishinsa tambayoyin tun da wuri. Goma na aika, tara suka dawo. Ta jan fentin an soke ta da jan biro. Wadda ke tambayar sirrin ƙaunar da talakawa ke masa kuwa, an yi mata tauraro biyu.

Asabar, 11 ga Maris

Mama ta shelanta wa duk layin cewa 'yarta Tahani, wato ni, za ta sa a tambayi Sirgani a talabijin. Wa ya aike ta?

Litinin, 13 ga Maris

Na yi. Saura minti huɗu a tashi, na danna maɓalli na raɗa wa Midhat tambayar da aka soke. Bakinsa ya riga kwanyarsa, kamar yadda na sani zai yi. Sai da ya gama furtawa ya gane abin da ya faɗa.

Sirgani ko gezau. Murmushi ma ya yi. Ya gode wa Midhat da wannan tambaya mai muhimmanci, ya ce shi ma ɗan lungun nan ne, ya san ƙamshin waken safiyarsu. Ya ce kafin a yi maganar yaushe, dole a tambayi wa ya bar unguwar ta lalace shekara talatin. Daga nan ya waiwaya ga Fikri, wanda ko tari bai yi ba, ya ce masa, "Dokta, ban katse ka ba, kada ka katse ni." Fikri ya gane an jefo masa ƙashi, ya cafe. Suka kaure da hayaniya, ana bugun tebur, ruwa ya zube a kan takardu.

Ni kuma ina kallon agogo. Da bakina na ce saura daƙiƙa goma, a tafi talla. Aka sa tallan man girki.

Bayan an kashe fitilu na same su a ɗakin baƙi suna shan shayi, Fikri yana goge wa Sirgani rigarsa da ya jiƙa, suna ta dariya. Ƙyama ta kama ni har na ji ta a haƙorana.

Talata, 14 ga Maris

Ba a kore ni ba. Shugaban tashar ma yabo ya yi, wai rigimar ta jawo 'yan kallo.

Sirgani ya kira ni da kansa. Ashe ya bincika, har sunan Mama ya sani. "'Yata, ai da kin zo mini kai tsaye," in ji shi. "Gidan Hajiya ɗaya ne, ana iya dubawa. Talabijin kuma ba wurin amsa ba ne, ke ma kin sani." Ya ce yana neman mai shirya masa amsoshi kafin ya shiga hira, mai kai irin nawa.

Ban ce e ba. Ban kuma ajiye wayar ba sai da ya gama.

Juma'a, 17 ga Maris

Na je gida bayan masallaci. Maƙwabta cike da falo, har da dattijo Amm Sabri mai guga, wanda shagonsa ma ya sha fenti. Mama ta kawo shayi ta zauna a gabana.

"To, Tahani, mun kalla, ba mu gane ba. Yaushe ne? Ina za mu?"

Na ce tambayar tana da muhimmanci, Mama. Na ce kafin a yi maganar yaushe, ya kamata a fahimci cewa lamarin yana da matakai, kuma ana dubawa. Na yi kusan minti uku. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har da 'yar dariya a inda ta dace.

Amm Sabri ya ajiye shayinsa bai sha ba, ya ce ya bar gawayi a dutsen guga. Ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Mama ta tattara kofunan. Sannan ta tashi ta shiga kicin, na ji tana yage tsohuwar jarida tana naɗe kofuna, ta fara ɗaure kaya ke nan.

Gajiya ce kawai, ina ji. Ranar Lahadi ƙarfe goma Sirgani ya ce in zo ofishinsa. Na goge shuɗiyar rigata, ko da yake ban yanke shawara ba tukuna.